Ƙahon Yaya da Gangar Miskine

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, mai shago da mai busa duk ƙofa ɗaya ce. Yayana ya rasu da hantsi a shagonsa na Titin Koudoukou, yana zaune a kujerarsa, rediyon wani a buɗe a kan cinyarsa. Bai yi jinya ba, bai wahalar da kowa ba. Mun kuma gode Allah an kai shi maƙabarta ta sosai, a kafaɗun mutane, rana tsaka. Mu da muka ga shekarun da ake haƙa wa mutum rami a bayan ɗakinsa don hanyar maƙabarta ta rufe, mun san wannan ma arziki ne.

Na zauna a tabarmar makoki ina jin abin da kowa ke faɗa. Liman ya ce bai taɓa juyowa bayan sallama bai gan shi a sahun farko ba. 'Yan canji suka ce shi kaɗai za ka bar wa jakarka ka tafi masallaci hankali kwance. Maƙwabciyarmu 'yar Cadi ta yi kuka, ta ce lokacin rikici shi ya tayar mata da rediyonta har ta riƙa jin labarin garin da 'ya'yanta suka gudu. Samari suka yi gaisuwa da Sango, yaren garin nan, don Hausarsu ba ta kai wurin ta'aziyya ba. Duk gaskiya suka faɗa. Amma a cikin taron nan kaf babu wanda ya ce ƙaho. Wata tsohuwa daga unguwar Yakité ta soma, “Allah sarki, mutumin nan in ya ɗaga wannan abin nasa...” sai ta kusa da ita ta mintsine ta a cinya, ta haɗiye sauran maganar da goro.

To ni ba a mintsinina. Ban shiga boko ba, allo ma iyakata abin salla, amma kaina ba rariya ba ne. Shi ya sa na zaunar da 'yata na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara min baki. Yayana mai busa ne kafin ya zama mai gyaran rediyo. Saksofon suke ce wa abin, mu a gida ƙaho muke cewa: jan ƙarfe mai lanƙwasasshen wuya kamar na agwagwa, jikinsa duk maɓallai. Kuma ba a taɓa yin wanda ya kai shi a garin nan ba. Wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Abin da ya tayar da maganar, bayan sadakar uku babban ɗansa ya same ni a ɗaki. Yaro ne na kirki, mai sayar da kayan gini, mai yawan azumi. Ya durƙusa ya ce, “Gwaggo, na yanke shawara. Ƙahon nan zan kai wa maƙera su narka shi. Faifan kiɗansa da ke wurinki kuma, da za ki fasa shi da kin kyauta.”

Na ce, “Faifai nawa ne. A kayan ɗakina ya zo, ƙarƙashin kwanuka. Wanda zai fasa shi sai ya fara fasa ni.”

Ya ce, “To ƙahon fa ai gado ne.”

Nan kam gaskiyarsa ce. Inda akwai ɗa namiji ƙanwa ba ta da ko allura a gadon yayanta. Ƙaho nasa ne, in ya ga dama ya mai da shi cokula. Na dai roƙe shi ya bari a yi sadakar bakwai. Ya ce to.

Bari in koma baya ku san abin da za a narka.

Babanmu falke ne, daga ƙasar Katsina ya gangaro da turamen zane har ya kafa shago a nan unguwar Kilomita Biyar. Yaya na saurayi ya aike shi kai kaya wani gidan rawa a cikin gari. Yaro ya ajiye kaya, ya ji ana gwajin kiɗan nan na Kyuba da ya hauro mana daga ƙetaren kogi, ya tsaya. Tsayuwar da bai gama ba ke nan har ya yi gemu. Ranar da Baba ya gano, ina tsakar gida ina tankaɗe.

Baba ya ce, “A zuriyarmu babu maroƙi.”

Yaya ya ce, “Baba, ni ba na kiran sunan kowa, ba na miƙa wa kowa hannu.”

“To wa kake yi wa busar?”

“Iska.”

Takalmi ne ya bi shi har zaure. Innarmu ta ɗauko takalmin ta kakkaɓe ta ajiye, ta ce wa Baba, “Ka ji dai, ko iskar ma ba ta ba shi komai.” Baba bai yi dariya ba, amma mu mun yi, a bayan rumbu.

A wannan gidan rawar ya haɗu da amininsa, wani Kirista ɗan Miskine, unguwar da ke maƙwabtaka da tamu, mai buga dogayen ganguna biyu da tafin hannu. Mu Baba na Miskine muke ce masa. In ya zo gidanmu ba ya sallama, sai ya ƙwanƙwasa ƙyaure sau uku, ya ɗan dakata, ya ƙara biyu. Yaya ya ce wannan bugun shi ne ƙashin bayan kiɗan Kyuba, ana yinsa da 'yan sanduna biyu, kowa a ƙungiya a kansa yake hawa. Har tukunya Yaya a haka yake ƙwanƙwasa min in yana jin yunwa. Shi ya sa har gobe in na ji ana daka luguden da ya yi kama da haka sai in ɗaga kai.

Faifai ɗaya tak suka yi, a ƙasar Kwango, Yaya ne a gaba. Ya taɓa yi min bayani, ya ce, “Ƙasan na Kyuba ne, saman na baƙaƙen Amurka ne, jaz suke cewa. Ƙasa ba ta motsi. Sama kuwa ta je duk inda ta ga dama, muddin ta san hanyar gida.” Ni da na ji faifan nan fiye da masu yinsa, bari in faɗa muku abin da ke ciki, mai kyau da marar kyau.

Waƙa ta farko ganguna ne ke buɗewa, sanduna su shigo, sai ka ji kamar kasuwa ta fara ci. Ƙaho ba ya gaggawa. Sai kowa ya hallara yake shigowa, irin shigar mai gida, ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya. In kina tsaye ƙugunki zai ci amanarki, ko ke matar liman ce.

Ta biyu ita ce uwa. A hankali take. Ƙahon yana farawa can ƙasa, kamar mutum yana magana shi kaɗai a ɗaki, piyano na ajiye masa wasu muryoyi da za ka ce yanzu za su yi faɗa, sai kuma su shirya, irin tsamiya a kunu: da farko ka yamutsa fuska, daga baya ka miƙa kwano. Sai ƙahon ya riƙa hawa, yana hawa, har ya kai wata doguwar ƙara ya riƙe ta, ganga a ƙasa tana jiransa ba ta ce uffan ba. Daf da wannan hawan, in ka kasa kunne, za ka ji Yaya ya ja numfashi. Shi kunyar wurin yake ji, wai gwani ba a jin numfashinsa. Ni kuwa nan na fi so.

Ta uku ba ta yi ba. Mai piyano ya cika surutu kamar mai tallan maganin basir, ya hana kowa sakat, ƙahon ma sai leƙowa yake yana komawa. Na faɗa wa Yaya haka a gaban abokansa. Ya ce me mai tankaɗen garin rogo ta sani a kiɗa. Na ce na san tsaki in na gan shi a rariya. Muka daina magana har ƙaramar salla, ranar ya shigo ɗakina ya zauna ya ci tuwo, yana wanke hannu ya ce, “Ta yi tsawo da gaske.” Iyakar ban haƙurin ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba.

Ta ƙarshe kuwa cacar baki ce tsakanin ƙaho da ganga. Wannan ya faɗa, wancan ya mayar, kamar taubasai a gidan biki, har su ƙare tare a bugu ɗaya. Wanda bai san su ba ma zai gane masu wannan faɗan kwano ɗaya suke ci.

Da ciwon ajali ya kama Baba, ya kira Yaya ya riƙe hannunsa ya ce ba zai kwanta da daɗi ba in ɗansa na busa a gidan rawa. Yaya ya rantse da Allah ba zai sake kai ƙahon bakinsa ba. Lokacin babban ɗan nan nasa yana goye. Ya kuwa riƙe. Ya buɗe shagon rediyo, ya je Makka ya dawo, mutane suka manta, ko suka yi kamar sun manta. Amma bai sayar da ƙaho ba. Ranar Juma'a bayan ya goge takalmi sai ya fito da shi ya goge, ya ɗiga wa maɓallan man keke. In yana zaune shiru za ka ga yatsunsa na tafiya a kan sandar lema. Na taɓa ce masa, “Yaya, wannan ai busa ce.” Ya ce, “Baki na rantse a kai, ba yatsu ba.” Yana yawan cewa shiru ma kiɗa ne in ka san inda za ka ajiye shi. Garmahona kuwa bai taɓa barinsa ya mutu ba, da wutar gari ta zama labari sai ya haɗa min shi da batirin mota.

Sai rikici ya zo. 'Yan tawaye suka shigo gari, bayansu masu adduna suka taso, Kilomita Biyar ta zama tukunya an rufe da murfi. Musulmin Miskine suka gudo wurinmu, Kiristocinmu suka gudu can. A wannan hargitsin babban ɗan Yaya ya tafi karɓo kaya, hanya ta rufe a bayansa. Muka nema muka rasa. Matar Yaya ta daina cin abinci.

Rannan wayar Yaya ta yi ƙara. Baba na Miskine ne, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce, “Ɗanka na ƙarƙashin gadona. Namu na san yadda zan wuce su, naku ne ban sani ba, suna harbin duk wanda ya tunkaro. Zan fito da shi kamar ɗan dakon gangata, ka shirya da su. Babu wuta, wayar nan yanzu za ta mutu. In hanya ta yi, ka hau sama ka busa mana ta biyu, zan ji.” Waya ta ɗauke, ba ta sake shiga ba.

Yaya ya je wurin samarinmu masu tsaron shinge. Yawancinsu shi ya gyara wa iyayensu rediyo. Ya yi ta fama da su har suka yarda cewa in sun ga tsoho da ɗan dako ɗauke da ganga ba za su ɗaga bindiga ba. Ya dawo gida ya buɗe akwati. Gidanmu a bakin unguwa yake, daga rufin kana hango bishiyoyin mangwaron Miskine. Ya jiƙa ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a bakin ƙahon cikin kofin shayinsa, ya tsaya yana kallonsa.

Na ce, “Yaya, rantsuwar fa?”

Ya ce, “Riƙe min tsani.”

Da hantsi ne, gari tsit, ko kaza ba ta motsi. Busar farko wani kuka ta yi kamar an taka ɗan akuya, leɓe ya manta. Ya goge baki ya sake. Sai ta fito. Tsoho mai furfura a kan rufin kwano, inda duk mai bindiga zai iya ganinsa, yana busa kiɗan gidan rawa yana fuskantar Miskine. Mata suka leƙo ta tagogi. Ya kai wurin hawan nan, na ji ya ja numfashi, ya riƙe doguwar ƙarar har na ce ƙirjinsa zai tsage. Ya gama ya sake daga farko. Can sai muka jiyo ganga, siririya saboda nisa: uku, ta dakata, biyu.

Kafin azahar suka ɓullo. Baba na Miskine ya gaya wa nasu samarin cewa zaman makoki za shi yin kiɗa, ya ɗora wa yaron doguwar ganga a ka, ya rufa masa tsumma har fuska. A bakin kwalbatin da ya raba mu da Miskine ya tsaya, bai ƙetaro ba. Ya ɗaga wa Yaya hannu daga nesa, ya juya. Yaro ya shigo da ganga. Tun ranar gangar nan take ɗakin Yaya, jingine da akwatin ƙaho. Da hanya ta buɗe Yaya ya ce zai mayar, mai ita ya ce a bar ta nan, ta fi jin daɗin maƙwabcin. Yaya kuwa bai sake busa ba har ya koma ga Allah.

To, ranar sadakar bakwai, an gama addu'a mutane sun ragu, sai muka ji ƙyaure: uku, shiru, biyu. Kofi ya kuɓuce wa matar Yaya. Baba na Miskine ne, ya tsufa, yana dogara sanda, labari bai kai masa da wuri ba. Ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma. Ɗan Yaya ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Tsohon ya dubi sauran mutanen da ke wurin ya ce da Hausarsa mai gishirin Sango, “Ku mai gyaran rediyo kuka rasa. Ni hannuna ɗaya ne ya tafi. Ina ƙahon? Ina so in gan shi.”

Na ce, “Ka gan shi da kyau, gobe maƙera za su gan shi.”

Ɗan Yaya ya ce, “Gwaggo, ba a nan ba.”

Na ce, “A nan. Gaban wanda ya ɓoye ka ƙarƙashin gadonsa. Gaya masa laifin ƙahon.”

Na zaci wa'azi zai ja min. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, “Rantsuwar da ya riƙe tun ina goye, saboda ni ya karya ta. Ya yi wa mahaifinsa alkawari da sunan Allah, ni na sa ya saɓa. Da ita ya tafi a wuyansa, Gwaggo. Duk sanda na ga akwatin nan abin da nake gani ke nan.”

Ashe ciwon da yaron ke ɗauke da shi ke nan shekara da shekaru, mu muna cewa tsananin addini ne. Yaya ya hana ni faɗar wata magana, wai kada yaro ya ji kamar an fanshe shi da tukunya. Amma mai hanin ya tafi, mai ciwon yana gabana.

Na ce, “Ɗana, kana zaton ubanka jahili ne? Washegarin dawowarka, kana kwance da zazzaɓi, ya je wurin liman ya tambaya. Liman ya ce wanda ya rantse ya ga abin da ya fi rantsuwar alheri, ya yi alherin, ya ciyar da mabuƙata goma. Ragowar shinkafar gidan nan, wadda muke wa kallon ido, ya sa na juye a tukunya. Ni na dafa, da ganyen rogo da busasshen kifi. Shi ya ɗauka a kai ya kai farfajiyar masallaci inda 'yan gudun hijira ke kwance. Ya dawo yana dariya, ya ce a da sai ka yi yawo kafin ka haɗa mabuƙata goma, yanzu wahalar ita ce ka tsaya a goma. Mu muka sha ruwan gari a makon nan, kai kana cewa me ya sa kunu ya tsinke. Babu komai a wuyan ubanka. Sauran kuwa tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ni ba malama ba ce, kai ma ba kai za ka yi masa hisabi ba.”

Matar Yaya ta ce daga bayan labule, “Haka aka yi. Ni na wanke tukunyar.”

Yaron ya tashi. Ya shiga ɗakin uban ya daɗe. Baba na Miskine ya taɓa hannuna ya ce, “Yeke yeke, ƙanwata,” wato a hankali. Na ce a hankalin ne ya kai mu bakin maƙera.

Da safe ina shara na gan shi ya fito, ganga a ka, akwatin ƙaho a hannu. Gabana ya faɗi. Na ce, “Ina zuwa?”

Ya ce, “Miskine. Ni ba zan iya ajiye shi ba, Gwaggo, kada in yi miki ƙarya. Amma Baba na Miskine ya ce gangar ba ta saba kwana ita kaɗai ba.”

Masu babur suka yi ta tsayawa, ya ƙi hawa. Da ƙafa ya tafi, ta kan kwalbatin nan, fuska a buɗe.

Da la'asar sakaliya ya dawo. Na riga na haɗa garmaho da batiri, don ni ba na ɓoye abin da nake yi a ɗakina. Bai shigo ba, ya zauna a kan turmi a bakin ƙofa, ya juya min baya kamar mai shan iska. Can ya ce, “Wace ce ta biyun? Ranar daga nesa na ji ta, ina ƙarƙashin gado, ban saurara ba.”

Na ɗora allura. Piyano ya ajiye tsamiyarsa, ƙaho ya fara magana can ƙasa, ya soma hawa. Daf da doguwar ƙarar, abin nan da Yaya ke jin kunyarsa ya fito sarai. Na ga bayan yaron ya miƙe.

Ya ce, “Wannan numfashinsa ne?”

Na ce, “Nasa ne.”

Ya saurara har kiɗan ya kusa ƙarewa. Sannan ya ce, “Gwaggo, ɗan mayar da allurar baya.”

Na mayar.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yalwata masa makwanci, Ya karɓi sahun farkonsa da tukunyar shinkafarsa. Abin da ya yi daidai Ya ninka masa, inda ya yi tsawo kamar ta uku Ya yafe masa. Mu da muka saura, da mu da na Miskine, Allah Ya ba mu zaman lafiya, in tamu ta zo Ya sa mu san hanyar gida.